Tukunyar da Ta Fi Ƙarfin Ƙofa

Na ji abin da aka gaya muku a bakin coci, wai kwamfuta ce ta kori ubanku daga kan inji. Rahila ta dawo gida ranar ranta a ɓace, ta tsaya a kaina tana tambaya, na ce ta bar ni in ci tuwona. Ba na son dogon zance da baki, domin baki ba ya maimaita magana sai ya ƙara mata gishiri. Zan rubuta sau ɗaya, da irin Hausar da nake da ita, da karatun da bai wuce firamare ba. Wanda ya ga kuskure a rubutun ya gyara a zuciyarsa, kada ya zo mini da shi.

Wurin aikinmu da ke bayan Rikoto ba babbar masana'anta ba ce, kada ku je kuna cika baki. Wurin gwaji ne. Masana su haɗa magani a kwalba guda a ɗakin bincikensu, sai a kawo mana mu gani ko zai yarda ya haɗu a babbar tukunya ba tare da ya tsinke ko ya kwanta a gindi ba. In ya yarda, a kai wa manyan kamfanoni su yi da yawa. Tsakanin gwaji da gwaji kuma muna dafa maganin ruwa na yara, na zazzaɓi da na gudawa, wanda ake rabawa a ƙananan asibitocin ƙauye. Da wannan aikin matan da ke zubawa a kwalba da masu manna takarda suke ci da 'ya'yansu, kuma da yawa cikinsu matan sojoji ne waɗanda mazansu suka tafi daji ba su dawo ba. Ni na shiga wurin ina share ƙasa. Daga shara na koma wanke bututu, daga wanke bututu na koma riƙe wa mai tukunya fitila, da ya tsufa aka bar mini ita. Tukunyar ta farin ƙarfe ce, ta fi ni tsayi, riga biyu gare ta, tururi yana zagayawa a tsakani. Kuruciyata duk a gindinta ta ƙare.

Sai ta tsufa, kamar kowa. Tsatsa ta fara cin wurin walda, na toshe nan ta ɓulle can. Masu duba mu daga hukuma suka zo suka leƙa cikinta da tocila, suka ce ko a canza ta ko a rufe wurin. Ban ji haushinsu ba. Maganin yara ne, kuma na fi su sanin abin da ke cikin gindin tukunyar nan. Masu wurin suka sayi sabuwa, aka kawo ta a tirela cikin akwatin katako, aka sauke a tsakar gida. A nan aka ga matsala. Ashe tsohuwar tun kafin a gama ginin aka dasa ta, sannan aka zagaye ta da bango. Ita tsohuwar ana iya yanka ta gunduwa-gunduwa a fitar. Sabuwa kuwa ba a yanka ta, a ɗungum za ta shiga, kuma hanyar ɗakin wani siririn lungu ne mai kwana a tsakiya, sannan ƙofa. Kowa ya kalli tukunyar ya kalli lungun sai ya ce a fasa bango. Amma bangon ɗakin haɗa magani ba irin na ɗakin uwarku ba ne. An shafe shi da wani abu mai santsi wanda ƙura ba ta kama shi, iskar ɗakin ma tace ta ake yi. In ka fasa, hukuma za ta sa a sake gwada ɗakin daga farko, a daɗe ba a dafa ko cokali ɗaya ba. Masu wurin suka ce ba za su iya wannan jira ba. In sai an fasa, gara su ɗora tukunyar a mota su kai Kaduna, inda suke da wani wurin, su rufe na Zuru.

Ana cikin haka aka turo mana Injiniya Maryam. Mace ce ba doguwa ba, ba ta da yawan magana, kuma ba ta zo da guduma ko tef na awo ba. Wata na'ura ta kafa mai ƙafa uku, tana juya kai a hankali kamar mujiya. Ta kafa ta a lungu, ta kafa a kwana, ta kafa a ɗaki, ta kafa a gaban sabuwar tukunya. Ni ina tsaye ina kallo, a raina ina cewa ga wata kuma ta zo cin kuɗin kamfani. Da ta gama ta kira ni, ba Manaja ta kira ba, ta buɗe kwamfuta. Sai ga lungunmu a ciki. Ba hoto ba, lungun kansa, ana shiga ana fita, ana kallonsa ta sama kamar an ɗage rufi. Har ƙusar da nake rataya rigata tana nan. Na ce mata ƙarya ne faɗin da ta rubuta a kwana, ya fi haka. Ba ta yi musu ba, ta ce in je in auna. Na je da igiya na auna, na dawo. Nata ne daidai, idona ne ya yi shekaru yana yi mini ƙarya.

Daga nan ta sa tukunyar ta tashi a cikin kwamfutar. Ta kwantar da ita, ta tura ta cikin lungu, da ta zo kwana ta ci bango. Ta sake, ta ci bango. Ta ce ta gwada hanyoyi da yawa kafin ta kira ni, duk sun ci bango sai guda ɗaya. Ta nuna mini ita. A kwana sai an ɗaga bakin tukunyar sama, a sauke gindi, a mirgina ta gefe kamar mai juya mara lafiya a gado, duk a lokaci guda ana tafiya. In an yi haka za ta wuce, abin da zai rage tsakaninta da bango bai fi kaurin tafin hannu ba. Motar ɗaga kaya ba ta shiga lungun, kuma ko ta shiga ba ta iya wannan mirginawa. Sai hannun mutane. Aka kira 'yan kwangila daga Kaduna, suka kalli kwamfutar, suka kalli tukunyar da ta fi bijimi nauyi, suka ce su ba mahaukata ba ne, in ta kuɓuce wa zai biya. Suka sha lemo suka koma.

Washegari Manaja ya kira ni ofis. Ya ba ni kujera, abin da bai saba ba, sai na san ba alheri.

"Bitrus, ba zan ɓoye maka ba," in ji shi. "Sabuwar tukunya ba ta da famfon da za ka murɗa. Da allon kwamfuta ake tuƙa ta, komai da Turanci, kuma hukuma ba ta yarda kowa ya taɓa ba sai mai takardar makaranta. Da ta shiga ɗakin nan, kai ka fita, sito zan mayar da kai. Amma ga alama ba za ta shiga ba. Masu wurin sun ce in an kwashe zuwa Kaduna, kai kaɗai za a tafi da kai, suna da tsofaffin injuna masu son hannu irin naka. Har da ƙarin albashi. Ka fara shiri."

Na ce, "Matan fa, ranka ya daɗe?"

Ya gyara takardun da ba su karkace ba.

Kun ji yadda maganar take. In tukunya ta shiga, na rasa inji. In ba ta shiga ba, na samu ci gaba, wasu su rasa abinci. Duk wanda ya ce muku ban san abin da ke jirana ba, bai san ni ba. A kujera aka zaunar da ni aka gaya mini.

Na fito na koma wurin Injiniya, na ce ta sake nuna mini mirginawar nan. Ta nuna. Na ce ta sake, a hankali. Ina kallo sai na ga ba wani abu ba ne illa mutane su motsa tare kamar jiki ɗaya, kada wani ya riga wani, kada wani ya yi dabarar kansa. 'Yan kwangila ba za su iya ba, domin ranar suke haɗuwa a tasha. Ni kuwa na san mutanen da suka taɓa zama jiki ɗaya.

Ku ba ku yi golmo ba, a gari kuka tashi. A zamaninmu saurayin da ke son mata ba kuɗi yake kaiwa ba, gonar uban yarinya yake nomawa, shekara da shekaru, kuma ba shi kaɗai ba. Sa'o'insa ne ke taruwa su yi ƙungiya, yau a gonar surukin wannan, gobe a ta wancan. Mu jera a bakin gona da garma, mai waƙa ya ɗauka, garma ta tashi tare ta sauka tare. Wanda kunyarsa ta karkace ko ya fita layi, za a yi masa waƙar da har jikokinsa za su ji. Da haka na samu uwarku. Kuma mu 'yan ƙungiyarmu, ranar da na ƙarshenmu ya gama nasa, mun yi alkawari a bakin gona cewa duk wanda ya kira, a amsa, ba a tambayar dalili, ba a karɓar kuɗi. Amma wanda ya kira, daminar nan zai zagaya gonar kowa da garmarsa ya rama. Tun daga ranar ba wanda ya taɓa kira. Kowa yana tsoron ramuwar.

Da na gaya wa uwarku zan yi kira, tana tankaɗe ne. Ta ajiye rariya. Ita Kaduna take so, kuma tana da gaskiyarta. Ƙanwarta tana can, makarantu sun fi, gonakin nesa kuma a lokacin ba a zuwa da kwanciyar rai. Ta lissafa mini ku ɗaya bayan ɗaya da abin da kowa ke buƙata. Ta ce matan kwalba ba ni na kashe musu maza ba, kuma ranar da na kwanta ba su za su yi jinyata ba.

"Baban Rahila," ta ce, "a ina aka taɓa jin mutum ya ɗauko magajinsa a kafaɗa ya kai shi har ɗaki?"

Na ce mata ni dai ba zan shiga motar Kaduna ina ɗaga wa Maman Joshua ta ɗakin kwalba hannu ta taga ba, matar da muke cin abincin rana a inuwa ɗaya tun kafin a haifi Rahila. Na ce in Injiniya ta ce ba hanya, da na tafi ban waiwaya ba. Amma na ga hanyar da idona, kuma wanda ya gani ba ya komawa wanda bai gani ba. Ta ce da ubanta ya san irin kan da nake da shi, da ya ƙara mini shekarun noma har in gaji in gudu. Ta ɗauki rariyarta. Daga ranar magana tsakaninmu ta koma ga ruwan wanka, ga abinci.

Na fara da Saja Danladi, wanda ya yi soja ya dawo da ɗingishi, yana zaune a Rikoto yana ba mutane umarnin da ba su tambaya ba. Na ce masa na yi kira. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce yaushe. Daga nan na hau mashin na bi sauran, na Mahuta da na ƙauyukan kan dutse. Wasu sun mutu, 'ya'yansu suka ce alkawarin uba bai mutu ba, amma na ce a'a, wanda bai yi layi da mu ba ba zai gane ba. Na ƙarshe shi ne Tanko a Dirin Daji, mai waƙarmu. Na same shi a gindin ɗorawa da ƙwaryar burkutu, ya yi tumbin da ban san shi da shi ba.

"Kai Bitrus, da furfurar taka? Wace yarinya ce kuma?"

Na ce ta ƙarfe ce.

"To ubanta fa, gonarsa babba ce?" Ya yi dariya har ya sarƙe. Da ya huce ya ce, "Ka dai san ƙa'ida. Gonata ta fadama ba ta san tsufa ba."

Na ce na sani.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Na gaya wa Injiniya mutanena ba za su koyi komai a gilashin kwamfuta ba, sai sun ji a kafaɗa. Ta ce to mu fito da lungun waje. Muka je filin da ke bayan gidanmu, Rahila za ta tuna. Injiniya tana karanto awo daga kwamfuta, mu muna kafa karan dawa, har muka gina lungun da kwanarsa da ƙofarsa, ba ragi ba ƙari. Oga Emeka mai shagon kayan gini ya ara mana tsohon tankin ruwa, muka ɗaura masa itace a duk inda ƙafa ko bututu ya fito a jikin sabuwar tukunya, muka zuba yashi har ya yi nauyi. Da Injiniya ta ga mutanena sun shiga tsakanin kara, sai ta ce a tsaya. Ta ce a lissafinta ta bar wa masu ɗauka wuri, amma na mutanen littafi ne, ba waɗannan ba. Ta jera mu ta auna kafaɗa da ƙugu, ta shigar da kowa a kwamfuta. Tanko ya ƙi shiga kwana ko ta wace hanya, tumbinsa yana cin bango. Ta nuna masa, jan launi ya tashi daidai cibiyarsa. Saja ya ce a yanka shi gunduwa-gunduwa kamar tsohuwar tukunya. Tanko ya ce tumbin nan da guminsa ya gina shi, ba fanshon gwamnati ba ne. A ƙarshe aka mayar da shi can baya, inda ba abin da zai riƙe sai igiya da muryarsa.

Mun rushe bangon karan nan har na daina jin kunya. Matan da ke wucewa kasuwa sukan sauke kaya su tsaya kallo, suna cewa tsofaffin Zuru sun koma wasan ƙasa. Saja ya ce a bar masa umarni irin na bariki, ya yi ta tsawa, muka rushe. Injiniya ta gwada ƙirga mana lamba, muka rushe, domin kafin lamba ta shiga kunne ta isa kafaɗa, wani ya riga wani. Kuma duk inda muka zo kwana, jiki yana so ya juya ta inda ido ya ga fili, alhali kwamfuta ta ce ta inda ido ya ga bango za a nufa. Sai Tanko daga baya, don gajiya da ba'a, ya ɗauko tsohuwar waƙar nomanmu da C'lela. Ban san yadda aka yi ba, na ji ƙafafunmu sun daidaita da kansu. Injiniya ba ta jin yaren, amma tana da kunne. Ta sa shi ya maimaita, ta zauna da shi a kan kututture, ta raba tafiyar tukunya bisa gaɓoɓin waƙar. A wannan amshi a ɗaga baki, a wancan a sauke gindi, inda Tanko ke jan murya a mirgina. Ranar muka wuce kwana kara bai motsa ba. Ta ce a sake. Muka yi ta sakewa har sai da ta ce yanzu ko barci muke za mu iya.

Tsohuwar tukunya ni na nuna wa masu walda inda za su yanka. Ba zan ce komai a kan wannan ba.

Ranar shigarwa da safe muka yi, kafin rana ta yi zafi. Doka ta ce ba mai shiga lungun da kayan gida, don haka aka sa wa mutanena fararen riguna, da hular raga, da takunkumi, da leda a ƙafa. Saja da ya yi yaƙi ya tsaya da hular raga kamar mai sayar da awara, ya ce duk wanda ya ba da labari a gari zai gamu da shi. Aka shimfiɗa roba a ƙasa, aka naɗe tukunya da bargo, muka zura sanduna da majanyu. Saja a gaba, ni a tsakiya ta gefen da zai shafi kwana, Tanko a baya. Injiniya kuma a bayan Tanko, domin da tukunya ta shiga lungu ta toshe shi, ba ta ganin komai sai gindinta. Ta ce mini abin da ke kwamfuta ta riga ta ba mu, yanzu ba ta da sauran abin bayarwa.

Muka ɗaga. Ƙarfe ba yashi ba ne, nauyinsa wani iri ne, sanyi gare shi kuma ba ya lotsawa. Tanko ya ɗauki waƙa ta cikin takunkumi, muka tafi lafiya har kwana. Muka ɗaga baki, muka sauke gindi, muka fara mirginawa. A nan Saja ya tsaya. Kara in ka tunkare shi ka san zai faɗi ne kawai. Wannan bango ne, fari, yana ƙyalli, kuma daga inda Saja yake bakin tukunya ya nufi kusurwar kai tsaye. Waƙa ta yanke. Tukunya tana karkace a sama, ba ta ajiyuwa a haka, ba ta komawa baya, nauyinta duk ya zubo gefena.

"Bitrus, ba za ta wuce ba," in ji Saja. Ban taɓa jin muryarsa ta yi ƙasa haka ba. "Ina ganin bangon. Za mu ci shi."

Ni ma na leƙa, kuma Allah ya sani idona abin da ya gaya mini ke nan. Amma idon nan ya riga ya yi mini ƙarya a wannan kwanar, igiya ta kama shi.

Na ce, "Saja, rufe idonka. Kowa ya rufe. Tanko, daga amshi."

Tanko ya ɗauka. Na rufe nawa. Muka tafi a makance, ƙafa tana bin murya, kamar muna gonar surukin wani muna samari. Inda ya ja murya muka mirgina. Na ji hannun rigata ya shafi kusurwa, shafa kawai, kamar kyanwa ta wuce. A daidai nan wani abu ya ce ƙas a gadon bayana, zafi ya sauka har yatsan ƙafa. Ban saki ba. A layi ba a saki. Da na buɗe ido muna bakin ƙofa, ƙofar kuwa ba ta ba mu wahala ba. Muka tsayar da tukunya a kan ƙafafunta, a daidai alamar da Injiniya ta zana a ƙasa.

Ba wanda ya yi ihu. Mun gaji. Injiniya ta bi lungun tana shafa bango da tafin hannu tun daga farko har ƙarshe, ta tsaya a kwana ta daɗe, sannan ta zo ta ce, "Sannunku, Baba." Manaja ya fito da ambulan zai ba Saja, Saja ya sa hannuwa a baya ya ce shi ba ɗan dako ba ne, kira ya amsa. Da muka fito tsakar gida sai ga uwarku da manyan kwanuka, tuwon dawa da miyar kuka, ita da matan kwalba. Ta zuba wa kowa. Da ta zo kaina ta ce wa Maman Joshua ta miƙa mini, ita don baƙi ta dafa.

Damina ta sauka, ramuwa ta zo. Duk ranar da ba aiki, da duk hutun da na tara, a gonar wani na ƙarar. Na yi Mahuta, na hau dutse na sauka, na yi fadamar Tanko wadda ƙasarta ke riƙe garma kamar mai bin bashi. Bayana bai warke ba, har yau bai warke ba, kun sha ganin yadda nake tashi daga tabarma. Saja ya ce shi ya yafe nasa, na ce bai isa ba, ba shi ya kafa ƙa'idar shi kaɗai ba. Gonarmu kuwa ciyawa ta ci rabi. Shekarar ce muka ci dawar awo tun kafin Kirsimeti, shekarar ce Rahila ta zauna zango guda a gida ba makaranta. Wannan ni na jawo, kuma ban ce ba ciwo. Uwarku ita ta riƙa shafa mini man zafi a baya, tana shafawa tana faɗa. Har yau in aka ambaci Kaduna a gidan nan sai ta tashi ta shiga ɗaki. Kada ku ga laifinta. Ni na zaɓa, ita ta biya rabi ba a tambaye ta ba.

Duk daminar ana gwajin sabuwar tukunya da ruwa zalla. Masu dubawa suka dawo, suka bi ɗakin da na'urorinsu, ba su sami tsaga ba, suka sa hannu. Wajen kaka aka sa ranar dafa magani na farko. Wadda aka ɗauka ta tuƙa tukunyar, Madam Talatu, 'yar garin nan ce, ta yi karatun haɗa magani, kuma ta san aikinta. Da safen ta zo har sito ta same ni. Ta ce ta roƙi Manaja, ya yarda in shigo in danna allon da hannuna a wannan karo na farko, ita za ta nuna mini wurin. Na yi mata godiya. Na ce shekarun da na yi a ɗakin nan ban taɓa barin wanda doka ba ta yarda da shi ba ya taɓa tukunya, ko Manaja ne, kuma ba zan fara da kaina ba. Maganin yara ne.

Amma na je lungu na tsaya a bayan gilashi. Tsohuwar in aka kunna ta har bakin titi ana ji, ƙasa tana rawa a tafin ƙafa. Na dafa bango ina jira in ji. Na jira, ban ji komai ba. Can na ƙwanƙwasa gilashi, na yi wa Madam Talatu alama da hannu, yaushe za a kunna? Ta nuna mini ƙaramar tagar da ke saman tukunyar. Na miƙa wuya. Ashe tuni magani yake juyawa a ciki, ja, sumul, ba ƙara ba kumfa.

Na ɗan tsaya ina kallo. A ɗaya ɗakin na ji matan sun fara jera kwalabe, Maman Joshua tana yi wa wata faɗa a kan ta zauna mata a kujera. Na koma sito na ce wa direba ya gyara tsayuwar motarsa, ya matso da ita bakin ƙofa, bayana ba ya son nisa, kuma kaya suna nan fitowa.